Gida Biyar Kwance, Gida Biyar Tsaye: Wasan Cike Gurbi da Ilimin da Ke Bayansa

  

Ina gaida mutanen Garatu da kewaye. Ina gaida manoma da 'yan kasuwar doya. Ina gaida direbobin hanyar Minna zuwa Bida. Ina gaida iyayenmu mata da ke cikin gida. Ina kuma gaida maƙwabtanmu, ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano.

Yau wasa za mu yi, amma wasa ne mai karatu a cikinsa. Sunansa wasan cike gurbi. Don haka ina roƙon alfarma tun yanzu. A samo takarda, ko da bayan kwalin sukari ne. A samo fensir. In babu fensir, gawayi da allo ma sun isa. A aiki yaro ya ɗauko, domin nan gaba kaɗan za mu yi amfani da su.

Shirin namu kashi biyar ne. Na farko, mene ne wannan wasa. Na biyu, daga ina ya fito. Na uku, za mu buga shi tare, ni da ku. Na huɗu, dabarun warware shi. Na biyar, yadda kowa zai ƙirƙiri nasa da Hausa.

To, bismillah. Ga kashi na farko. Mene ne wasan cike gurbi?

Wataƙila kin taɓa sayen ƙosai aka naɗe miki a tsohuwar jarida. Wataƙila ka taɓa ganin wani shafi a cikinta mai zanen ƙananan gidaje, wasu farare, wasu baƙaƙe. A gefe kuma ga jerin tambayoyi masu lamba. To, wannan shi ne wasan. Turawa na ce masa kuroswad, wato kalmomin da suka gicciye juna.

Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Kowane farin gida harafi ɗaya yake ɗauka. Baƙin gida kuwa katanga ce, a nan kalma take tsayawa. Wasu kalmomin ana rubuta su a kwance, daga hagu zuwa dama. Wasu ana rubuta su a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. Kowace kalma tana da tambayarta. Ka san amsa, ka cike gidajen.

Daɗin wasan yana wurin da kalmomin suka haɗu. Kamar saƙar tabarma ce: kaba ɗaya ta kwanta, ɗaya ta ratsa ta, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta. Kalmar kwance da ta tsaye suna tarayya a harafi ɗaya. In ka samu ta farko, ta ba ka harafin ta biyu. In ka yi kuskure a ta farko, ta biyu za ta tona maka asiri.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Muna da kacici-kacici tun kaka da kakanni. Bayan an ci tuwon dare, yara su kewaye kaka. A ce, shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Mai kaifin kai ya ce tsintsiya. A ce, tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba. A ce yunwa. Wanda ya kasa sai ya ba da gari. Ya ce na ba ki Bida, ko na ba ki Kano, sannan a faɗa masa amsa.

Abin da wasan cike gurbi ya ƙara a kan kacici-kacici shi ne rubutu. A kacici-kacici, baki ke amsawa. A nan kuwa hannu ke amsawa, kuma sai an ƙirga haruffa. Sanin amsa kaɗai bai isa ba, sai ka iya rubuta ta daidai.

A riƙe wannan: tambaya, amsa, da rubutu daidai. Su uku ne ginshiƙan wasan.

Yanzu sai kashi na biyu. Daga ina wasan ya fito?

Ranar 21 ga Disamba, 1913, wata jarida a birnin New York na Amurka, mai suna New York World, ta buga wani sabon wasa a shafinta na nishaɗi. Wanda ya tsara shi ɗan jarida ne mai suna Arthur Wynne, haifaffen Liverpool a Ingila. Zanen nasa ba murabba'i ba ne irin na yau. Mai tsini ne sama da ƙasa, tsakiyarsa a buɗe, kuma babu baƙaƙen gidaje. Masu karatu suka so shi, suka riƙa neman ƙari.

A 1924 wasu matasa biyu, Simon da Schuster, suka tattara irin waɗannan wasanni suka buga littafi. Suka haɗa kowane littafi da fensirinsa. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai, har ya zama harsashin babban kamfanin ɗab'i da ke ɗauke da sunansu har yau.

Manyan jaridu da farko sun ɗaga hanci. Jaridar New York Times ta daɗe tana yi wa wasan kallon ɓata lokaci. Sai a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta fara buga shi ranar Lahadi. Daga 1950 ta mayar da shi kullum. Tsarinta kuwa shi ne, na Litinin ya fi sauƙi, kullum wahala na ƙaruwa, na Asabar ya fi kowanne tsauri. A Landan, jaridar The Times ta fara nata tun 1930.

Ga wani labari daga lokacin yaƙin. A 1942 jaridar Daily Telegraph ta Ingila ta shirya gasa: wa zai warware wasanta cikin minti 12? Bayan gasar, hukumomin soja suka tuntuɓi wasu daga cikin gwanayen. Suka ɗauke su aikin warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus. Dalili kuwa, mai iya hango kalma daga haruffa biyu ko uku, shi ake nema a irin wannan aiki.

Labarin bai ƙare nan ba. A 1944 sojojin ƙawance suna shirin tsallakawa Faransa. Sun sa wa wuraren da za su sauka sunayen sirri, irin su Utah da Omaha. Shirin gaba ɗaya kuma suka kira shi Overlord. Kwatsam, makonni kaɗan kafin ranar 6 ga Yuni da suka sauka, sai ga waɗannan sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshi a wasan jaridar nan ta Daily Telegraph. Hankalin jami'an tsaro ya tashi. Suka je suka titsiye mai tsara wasan, wani shugaban makaranta mai suna Leonard Dawe. Ba su same shi da laifi ba. Bayan shekaru masu yawa, wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana yadda aka yi. Malamin yakan sa ɗalibansa su kawo masa kalmomi. Su kuma yaran suna jin sunayen ne a bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar.

Mu dawo gida. Wasan Scrabble ɗan'uwan wannan wasa ne, shi ma jera kalmomi ake yi kwance da tsaye. A 2015, a birnin Perth na Ostireliya, ɗan Najeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a wasan. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci wannan kambu. Da Turanci aka yi gasar, ya kuma kayar da masu harshen a cikin harshensu. Ashe ƙwaƙwalwar muna da ita.

Masu saurare, mun iso kashi na uku. Nan ne za mu buga wasan tare. Takarda ta zo? Fensir ya zo? Madalla.

A zana murabba'i babba. A raba shi layi biyar daga sama zuwa ƙasa. Kowane layi a raba shi gida biyar. Biyar sau biyar, gida 25 ke nan. Zan dakata kaɗan a gama.

Yanzu za mu baƙanta wasu gidaje. A saurara da kyau, ana ƙirgawa daga hagu.

Layi na farko, kada a taɓa shi.

Layi na biyu, a baƙanta gida na ɗaya, da na uku, da na huɗu.

Layi na uku, kada a taɓa shi.

Layi na huɗu, kamar na biyu: a baƙanta na ɗaya, da na uku, da na huɗu.

Layi na biyar, a baƙanta gida na ɗaya da na biyu.

Zan maimaita. Layi na biyu da na huɗu: ɗaya, uku, huɗu. Layi na biyar: ɗaya da biyu. Shi ke nan, fili ya shiryu.

Tambaya ta ɗaya, a kwance, a layin farko, gida biyar. Garin da aka haifi shugabannin ƙasa biyu na mulkin soja.

Na san mutanen Garatu ba za su ba da gari a kan wannan ba. Amsa ita ce Minna. A rubuta: M, I, N, N, A.

To, me ke bayan wannan tambaya? Janar Ibrahim Badamasi Babangida, an haife shi a Minna a 1941. Janar Abdulsalami Abubakar, an haife shi a Minna a 1942. Wannan kowa ya sani. Amma akwai ƙari. Manyan marubutan Najeriya biyu su ma a Minna aka haife su. Cyprian Ekwensi a 1921. Ben Okri a 1959, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Booker a Ingila a 1991. Me ya kawo iyayen mutane daga nesa zuwa Minna? Babban dalili shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911. Layin da ya taso daga Legas kuma ya bi ta Jebba da Zungeru, ya haɗu da shi a Minna. Garin ya zama mahaɗa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja ranar 3 ga Fabrairu, 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, sai Minna ta zama babban birninta.

Kun gani? Gida biyar kawai muka cike, amma mun taɓo jirgin ƙasa, mun taɓo adabi, mun taɓo tarihin jiha.

Tambaya ta biyu, a tsaye. Za ta fara daga harafin I na Minna, ta gangaro gida huɗu. Ɗan Kagara da ya rubuta Ruwan Bagaja.

Harafin farko yana hannunku. Saura uku. Amsa ita ce Imam. I, M, A, M.

Alhaji Abubakar Imam ɗan jiharmu ne. An haife shi a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a can Katsina. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, na hukumar talifi da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Minista. Akwai kuma Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Shi kuwa Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne. Wa da ƙane, gida ɗaya, littafi biyu. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, shi ne editanta na Hausa na farko. Ya rasu a 1981. Allah ya jiƙansa.

Iyaye, in yaro ya cike wannan gurbi, kada a tsaya nan. A nemo masa littafin ya karanta.

Tambaya ta uku, ita ma a tsaye. Za ta fara daga harafin A na ƙarshen Minna, ta gangaro gida biyar, har ƙasa. Tsohon sunan garin Suleja.

Dattawa sun riga sun amsa. Abuja. A, B, U, J, A.

Matasa da yawa ba su san wannan ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yo kudu da jama'arsa. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, shi ya kafa sabon gari a 1828. Garin ya ɗauki sunansa, Abuja. Wannan tushe na Zazzau ne ya sa har yau sarautar garin ake ce mata Sarkin Zazzau. A 1976 gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birnin ƙasa a tsakiyar Najeriya. Sabon birnin ya karɓi sunan Abuja. Tsohon garin ya koma Suleja. Ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tashi daga Legas ta koma sabuwar Abuja, zamanin Janar Babangida.

Tambaya ta huɗu, a kwance, a layi na uku, gida biyar. Kafin in karanta, ku dubi takardarku. Gida na biyu akwai A, daga Imam. Gida na biyar akwai U, daga Abuja. Haruffa biyu sun zo muku kyauta. Ga tambayar: Sarki Sulaimanu wa, wanda daga sunansa aka samo sunan Suleja?

Gurbi, A, gurbi, gurbi, U. Ku gwada a baki. Amsa ita ce Barau. B, A, R, A, U.

Alhaji Sulaimanu Barau ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. A zamaninsa aka yi wannan sauyin suna. A zamaninsa kuma aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Cardew. A fadar sarkin ne Baturen ya ga tukwanen wata mata Bagwariya daga Kwali, ya yaba da gwanintarta. Sunanta Ladi Kwali. Ta shiga cibiyar a 1954, tukwanenta suka yi suna har Turai da Amurka. In kana da takardar Naira 20 a aljihu, juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya, ita ce.

Tambaya ta biyar, ta ƙarshe, a kwance, a layin ƙasa, gida uku. Harafin ƙarshe A ne, daga Abuja. Wannan tambayar mai wayo ce, a buɗe kunne. Ana tauna ta, ana kuma ɗiga ta a ƙarshen jimla.

Mene ne ake taunawa, kuma malamin Hausa yake sawa a ɗiga in an gama magana? Aya. A, Y, A.

Irin wannan tambaya ita ake kira mai harshen damo. Kalma ɗaya, ma'ana biyu. Gwanayen wasan sun fi son irinta. Ita ma tana da labarinta. Ayar da muke yin kunu da ita, manoman yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suna nomanta da yawa, har ana fitar da ita waje. A yankin Valencia na ƙasar Sifaniya kuwa, suna jiƙa ta su markaɗa su tace, su sha da sanyi, kusan yadda muke yin kunun aya.

To, a duba takarda. Minna, Imam, Abuja, Barau, Aya. Wanda ya samu biyar, ya tafa wa kansa. Wanda ya samu biyu, ya ƙaru da uku.

Ga abin da nake so ya zauna a zukatanmu. Ribar wasan tana cikin labarin da ke bayan amsa. Wanda ya cike gurbi ya wuce, ya samu nishaɗi. Wanda ya tsaya ya tambayi wane ne Barau, ya samu ilimi. In sake faɗi: bayan kowace amsa akwai labari, a bi shi.

Masu saurare, ga kashi na huɗu. Dabarun warware wasan. Guda shida ne, a ƙirga da yatsa.

Ta ɗaya, fara da abin da ka sani. Ba dole ne ka bi lamba a jere ba. Karanta tambayoyin duka, ka cike masu sauƙi. Su za su buɗe maka masu wuya.

Ta biyu, ƙirga gidaje kafin ka rubuta. In an ce garin masu ƙera tagulla a Jihar Neja, gida huɗu, Bida ce. In an ce garin da Umaru Nagwamatse ya kafa, gida tara, Kontagora ce. Amsar da ba ta cika gidajenta ba, ko ta yi musu yawa, ba ita ba ce.

Ta uku, yi amfani da haruffan mahaɗa, kamar yadda muka yi da Barau. Hausa tana da sauƙi a nan. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, wato a, e, i, o, u. Kuma galibi baƙi da wasali ne ke bin juna. In ka ga wasali a gida na biyu, to mai yiwuwa na farko baƙi ne.

Ta huɗu, saurari lafazin tambaya. Da na ce ana tauna ta, na riga na gaya muku kalmar tamace ce. Da goro nake nufi, da na ce ana tauna shi. In tambaya ta ce su, to jam'i ake nema.

Ta biyar, yi da fensir. Kuskure ba abin kunya ba ne a wannan wasa. A goge, a sake.

Ta shida, in ta cije, ajiye ta. Je ka yi sallah, ka yi aikinka, ka dawo. Sau da yawa amsar da ta ƙi zuwa da safe takan faɗo da yamma. In har ta ƙi, yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Tambayi malamin makaranta. Tambayi dattijon unguwa. Duba ƙamus, irin Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta Kano ta wallafa a 2006. Mai waya ya duba intanet, amma bayan ya gwada da kansa, kuma ya tantance abin da ya gani.

Ga ɗan jan kunne. Wasan yana motsa ƙwaƙwalwa, yana ƙara yawan kalmomi, yana gyara rubutu. Amma ba magani ba ne. In dattijo ya fara yawan mantuwa har ta dami iyali, asibiti za a kai shi. Haka kuma kada a sa kuɗi a ciki ya koma caca. Kada ya hana sallah, kada ya hana aiki. Minti goma ko sha biyar a rana sun wadatar. Ɗan kasuwa yana jiran motar doya ta cika, ga lokaci. Uwargida ta ɗora tukunya tana jira ta nuna, ga lokaci. Kullum kaɗan ya fi mai yawa sau ɗaya a wata.

Mun zo kashi na biyar, na ƙarshe. Yadda za ka ƙirƙiri naka.

Yawancin wasannin da ke jaridu da wayoyi da Turanci suke. Tambayoyinsu kuma na can ne: kogunan Turai, 'yan wasan Amurka. Yaronmu zai iya sanin kogin da ya ratsa Landan, alhali bai san kogin da aka datse a Shiroro ba. Kogin Kaduna ne. Wanda bai sani ba, yau ya sani. Maganin wannan a hannunmu yake. Mu tsara namu, da harshenmu, a kan ƙasarmu. Ga matakai.

Da farko, zaɓi fage ɗaya. Garuruwan Jihar Neja, ko kayan gona, ko sassan babur, ko sunayen annabawa, ko kayan miya. Rubuta kalmomi goma daga wannan fage.

Sannan ɗauki mafi tsawo ka kwantar da ita. Nemi wadda za ta ratsa ta a harafi ɗaya. Misali, ka kwantar da Garatu. Doya za ta iya ratsa ta a tsaye, harafin A na ƙarshen doya ya hau kan A na Garatu. Ci gaba a haka. Gidajen da suka rage, baƙanta su.

Bayan haka, a kula da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Kowannensu harafi ne mai zaman kansa. K na kafa daban, ƙ na ƙafa daban, ba za su zauna gida ɗaya ba. Nan ne wasan yake koya wa yara rubutun Hausa na ƙa'ida, wanda saƙonnin waya suka fara lalatawa.

Akwai kuma haruffa masu goyo, irin su sh da ts. Gida ɗaya za a ba su ko biyu? Mai tsarawa ne zai zaɓa, amma ya sanar tun farko. Mutanen Wales a Birtaniya suna da irin waɗannan haruffa a harshensu, kuma gida ɗaya suke ba su. Kai ma ka tsayar da ƙa'idarka, kada ka sauya a tsakiya.

Sai rubuta tambayoyi. Kowace tambaya ta zama mai amsa ɗaya tak. In ka ce madatsar ruwa a Jihar Neja, ka bar mutum cikin ruɗu, domin akwai Kainji, akwai Shiroro, akwai Zungeru. Amma in ka ce madatsar da aka kammala a 1968, gida shida, to Kainji ce ba musu. In ka ce tsohuwar hedikwatar Arewa inda aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, gida bakwai, Zungeru ce. In ka ce dutsen da ke kan takardar Naira 100, gida huɗu, Zuma ne, na kusa da Madalla.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Tabbatar da gaskiyar abin da ka tambaya. Mai tsara wasa malami ne. Duk abin da ya sa a gurbi, yara za su haddace. In ka sa kuskure, ka shuka shi a kan mutane da yawa.

Kada a ce sai mai Hausa. Garatu gari ne na Gbagyi, da Nupawa, da Hausawa, da Fulani, da sauran jama'a. Duk harshen da ake rubutawa ana iya wannan wasa da shi. Ɗalibi ya zauna da kakarsa, ta faɗa masa sunayen ire-iren doya da na itatuwa da harshensu, shi ya jera su a gidaje. Ita ta kawo sani, shi ya kawo rubutu.

Kafin mu rufe, mu tuna abin da muka ji. Wasan cike gurbi tambaya ce, da amsa, da rubutu daidai. An fara buga shi a jarida a 1913. Ana warware shi da ƙirga gidaje da bin haruffan mahaɗa. Ribarsa kuma tana cikin labarin da ke bayan amsa.

Ga kirana. Malaman firamare da na Islamiyya, ku zana ɗaya a allo ko da sau ɗaya a mako. Ɗaliban Gidan Kwano, ku tsara na Hausa ku raba wa ƙannenku. Masu jaridu da mujallun Hausa, ku ware wa wasan ɗan fili. Iyaye kuma, kafin mako mai zuwa, kowane gida ya tsara nasa mai kalma biyar, a ba maƙwabta su warware.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.